Farar Shadda da Tsakar Rana: Aikin Mai Hoton Biki a Birnin Katsina

 

An nemi in yi magana a kan mai hoton biki, yadda yake gudanar da aikinsa, da 'yan dabarun da yake gwadawa don aikin nasa ya fita daban. Na san akwai masu ganin abin bai kai a tara mutane a kansa ba, tunda yanzu kowa da kyamara a aljihunsa, har yarinyar da aka aika sayen kuka. To amma duk da wayoyin nan, ba a fasa kiran mai hoto ba. Ranar Juma'a da Asabar, daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Marusa, da wuya ka wuce masallacin da ake ɗaurin aure ba ka hangi wani saurayi da baƙar jaka a kafaɗa yana kutsawa tsakanin manyan riguna ba. Abin da nake son nunawa shi ne, duk sabon salo mai amfani a sana'ar nan daga wahalhalun garin nan yake fitowa, wato ranarmu da ƙurarmu da tufafinmu da kunyarmu. Wanda ya tsallake su ya kwafo salon wani daga Instagram zai iya yin hoto mai kyau, sai dai ba mai gane cewa a Katsina aka ɗauke shi.

Mu ɗan waiwaya. Wanda ya taɓa kwana a ɗakin ƙasa mai tsagaggen ƙyaure ya san da hantsi akan ga inuwar masu wucewa a jikin bango, kai a ƙasa ƙafa a sama. Abin nan da ke ba yara mamaki shi ne tushen kyamara, kuma Ibnul Haisam, haifaffen Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya yi bayaninsa a littafinsa Kitabul Manazir. Yadda za a kama inuwar ta zauna ne ya daɗe yana gagarar mutane, sai a 1839 aka bayyana hanyar Louis Daguerre a Faransa. Da matafiyi Heinrich Barth ya shigo Katsina a 1851, alƙalami ne makaminsa. Hotunan garin nan na farkon ƙarni na 20 kuwa, yawancinsu na fada ne da na makaranta: Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, da hawan salla, da ɗaliban Kwalejin Katsina a jere. Ka je neman hoton bikin wata baiwar Allah a Gambarawa ko Rafin Daɗi a wancan zamani, za ka sha yawo. Hoton fasfo da hoton biki su suka shigar da talaka cikin albam.

Manyanmu a sana'a sun yi zamanin fim mai ɗaukar hoto 36. Kowace latsawa kuɗi ce, kuma ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an wanko, wani lokaci sai an kai Kano. A 1975 wani injiniyan Kodak, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar da ba ta buƙatar fim, abin da ya zo ya ci kamfanin nasa har ya durƙushe a 2012. Yau yaro yakan dawo daga biki ɗaya da dubban hotuna. Tsohon mai hoto tsoronsa kada fim ya ƙone, na yanzu kuwa wahalarsa zaɓe.

Aikin biki tun wajen ciniki yake farawa. Sau da yawa abokan ango su ke ɗaukar mai hoton ɗaurin aure, amarya da ƙawayenta su ɗauki nasu na kamu da dina, sai a wayi gari mutum biyu suna tare wa juna gaba. A tambaya tun farko. A kuma karɓi kafin alƙalami mai kauri, a rubuta abin da aka yi yarjejeniya a kai: taro nawa za a je, hoto nawa za a gyara, akwai albam da firem ko babu, yaushe za a kawo. Kalmar nan ta "za mu gan ka bayan biki" ta kashe jarin mutane da yawa. Ba mugunta ba ce, wanda ya gama da lefe da sadaki da abincin baƙi aljihunsa ya riga ya huce. Kayan aikinmu kuma da dala ake sayo su, ga shi tun tsakiyar 2023 da aka janye tallafin mai aka kuma saki naira, farashin batir da na man janareta bai sake komawa inda yake ba.

Akwai abin da ya fi ciniki muhimmanci, wanda ba a koyarwa a YouTube, shi ne sanin gidan da za ka shiga. Wace ce ta haifi amarya, wace ce kuma ta riƙe ta? A gidajenmu, musamman idan 'yar fari ce, mahaifiya takan ja jiki ta shige ƙurya saboda kunya, gwaggo ko abokiyar zama ta zama uwar biki. Baƙon mai hoto sai ya yini yana bin mai kai-da-kawo da filash, ya tashi babu mahaifiyar amarya ko sau ɗaya. Idan gida mai mata uku ne, albam ya fito da ɗaya sau biyar, ɗaya sau ɗaya, to ka kunna wutar da ba kai za ka kashe ta ba. Wane ne waliyyi? Su wa suka taso tun daga Maraɗi ko Daura ko Funtuwa? Akwai kakar da ƙafa ta hana ta fitowa, sai an bi ta ɗaki? Mai wayo yakan roƙi a haɗa shi da ɗan gida, ƙanin ango ko babbar ƙawa, mai raɗa masa a kunne cewa wancan dattijon mai rawani baffan amarya ne, kada ya tafi ba a ɗauke shi ba. A nawa ganin, hoton kakar nan da ke ɗaki ya fi duk abin da za a ɗauka a wajen dina daraja, domin bayan 'yan shekaru shi za a zo nema.

Ɗaurin aure kansa 'yan mintoci ne. Wakilin ango ya nema, waliyyi ya bayar, a ambaci sadaki, shaidu su ji, liman ya yi addu'a, a shafa fatiha, sanƙira ya ɗaga murya. Ba a maimaitawa don mai hoto bai shirya ba. Saboda haka tun kafin a zauna ya kamata ya san gefen da liman zai fuskanta, ya nemi izini, domin ba kowane masallaci ke yarda ba, kuma malamai sun yi saɓani a kan hoto, wanda bai so ba a tilasta masa. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, kada ya tsallaka dattawa, kada ya watsa wa liman haske a ido ana tsakar addu'a. Hannuwan da aka ɗaga, da miƙa sadaki, da tiren goro da alewa, duk a cikin wannan ɗan taƙin ake samun su ko a rasa.

Sai a fito waje, a nan kuma ake gane gwani. Katsina tana wajen digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, don haka daga azahar zuwa bayan saukowa Juma'a rana kusan a tsakar ka take. Hasken da ya sauko daga sama yakan bar ramin ido baƙi ƙirin, ya haska goshi da karan hanci. Ga ango cikin farar gezna, shaddar nan ta kamfanin Getzner na ƙasar Ostiriya, an buge ta tana ɗaukar ido. Ga abokansa talatin, su ma farare. Ita kyamara an gina ma'auninta ne a kan zaton cewa duk abin da ke gabanta, in an gauraya shi, tokatoka ne, mai mayar da wajen kashi 18 cikin 100 na haske. Da ta ga fari ya cika mata ido sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage. Rigar ta koma ruwan toka, fuskar ango ta nutse. Ka buɗe don fuska ta fito, rigar ta ƙone, aska takwas ɗin da mai ɗinki ya yi makonni yana yi da hannu ta ɓace. Ango kuwa da ya biya kuɗin aikin nan yana son ganinsa zare-zare.

Kowa da yadda yake fita daga wannan tarko. Wasu sukan ja mutane inuwar darbejiya, amma inuwarta huji-huji ce, takan yi wa fuska dabbare-dabbare. Inuwar katanga ta fi. Wasu sukan sa rana a bayan mutane, su auna haske a kan riga, sannan su ciko fuska da filash kaɗan, gwargwadon yadda ba za a gane an kunna ba. Wajibi ne a ɗauka a tsarin RAW, wanda ke riƙe bayanin da za a iya ceto farin da shi a kwamfuta. Akwai kuma dabarar da na fi so, domin daga cikin matsalar aka ciro ta: farar rigar da ke wahalar da kai ita ma fitila ce. Ka tsayar da aboki mai babbar farar riga a gefen ango, wajen da rana ke dukansa, ka cire shi daga cikin hoton, sai hasken da rigarsa ke mayarwa ya wanke fuskar ango a hankali.

Mafi kyawun situdiyo a garin nan kuwa kyauta ne, shi ne bakin zaure. Ka shigar da mutum taku ɗaya ciki, ya fuskanci waje, kai kana tsaye a rana. Bayansa duhu, rairayin ƙofar gida yana turo masa haske mai ɗumi daga ƙasa, sama kuma ta rufe shi daga zafin rana. Baƙar fata a wannan haske tana fitowa da kyawun da fitilar miliyan ba za ta ba ka ba. Muna rushe zaurukan muna sa get ɗin ƙarfe, wannan kuma wata laccar ce.

Lokutan shekara ma kowane da halinsa. Hazon hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, yakan tace rana ya tausasa inuwa, har ka iya ɗaukar hoto a fili da hantsi, amma kada ka kuskura ka kwance gilashin kyamara a waje, ƙurar za ta zauna a ciki ta yi ta fitowa ɗigo-ɗigo a kowane hoto. Bazara kwalliyar amarya take narkarwa. Damina, bayan an ɗauke ruwa da la'asar, ita ce sarauniya.

Mu shiga cikin gida, inda rabin biki yake, ko ma fiye. Namiji mai hoto da sallama yake shiga, a gidaje da yawa kuma ba ya shiga sam, kuma suna da gaskiyarsu. Mata in suna tsakaninsu sukan ajiye mayafi, su yi rawa, su yi shewa. Hoto ɗaya mai faɗi ya kamo matar wani a can gefe babu lulluɓi, ya kai ga wayar mijinta, an shiga uku. Saboda haka nake kira ga 'yan matanmu da ke wannan zaure: akwai kasuwar da ba mai iya cinta sai ku. Kamu, wunin lalle, jere, buɗar kai, duk naku ne. Fati Abubakar ta ɗauki kyamara a Maiduguri a lokacin da ba a jin komai daga can sai labarin bam, ta nuna rayuwar mutanen garin a shafinta na Bits of Borno, duniya ta kalla. Gidan biki bai kai nan wuya ba.

A wajen kamu, dangin ango sun zo da turarensu, ƙawaye sun tsare suna ciniki, amarya tana lulluɓe kanta a ƙasa. Abin da yawancinmu ke yi shi ne, "Amarya ɗago, amarya yi murmushi, kalli nan." Yarinya a gaban gwaggwannin mijinta kana ce mata ta washe baki! In ta yi, dattawa su ce ba ta da kunya, in ta ƙi, kai ka ce ta ɓata maka aiki. Garin da ake wa kirari da ɗakin kara bai kamata mai hotonsa ya mai da kunya abokiyar gaba ba. Sunkuyar da kan nan shi ne hoton. Ka ɗauki tafin hannu da zanen lalle yana riƙe da bakin mayafi. Ka ɗauki ƙafa a kan tabarma. Ka jira lokacin da gwaggo za ta ɗora mata hannu a ka tana yi mata nasiha. Hotunan fuska da murmushi a yi su daga baya a ɗaki, daga ita sai ƙawayenta, inda za ta sake. Kukan da takan yi ranar kai amarya kuwa, in za a ɗauka a ɗauka daga nesa, kuma ita kaɗai za a ba.

Ɗakunanmu ba su da yalwar haske. Kuskuren da aka fi yi shi ne barin ƙwan lantarki a kunne alhali taga a buɗe take. Hasken rana yana wajen 5500 a ma'aunin Kelbin, na ƙwai mai ruwan ɗorawa wajen 3000, in suka haɗu sai rabin fuska ya fito kamar an shafa masa kurkur. A kashe ƙwan, a zaunar da amarya kusa da taga, wata ƙawa ta riƙe farin zanen gado a ɗaya gefen. Shi ke nan.

Dina ba zan daɗe a kanta ba, domin a nan ne hotunanmu suka fi kama da na kowa. Fitilu shuɗi da kore da ja suna yawo a fuskokin mutane, hayaƙi na tashi, masu waya sun tare hanyar da ango da amarya za su shigo. Wutarmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, shi ya sa wasu fitilun ke sa wa hoto ratsi-ratsi, maganinsa a ajiye saurin ƙyaftawar kyamara a 1/50 ko 1/100, ko da yake in janareta ne mai tari sai an yi ta gwaji. In silin fari ne a harba filash sama ya dawo a tausashe, in an lulluɓe shi da yadi mai launi a nemi wata hanya. Gwajin da ya cancanci a yi a nan shi ne rage saurin ƙyaftawa sosai a haɗa da filash, sai mai rawa ya tsaya cak, fitilu da gefen mayafi su ja zare a bayansa. Cikin goma ɗaya ke fitowa, amma ɗayan nan har kiɗan kana ji. Kada kuma mu raina 'yan uwanmu masu ɗaukar baƙi a bakin ƙofa su ruga su wanko kafin a tashi. Kusan haka Malick Sidibé ya yi ta yi a Bamako a shekarun 1960, yana bin wuraren rawar matasa da dare, ya wanko ya baje su zo su zaɓa. A 2007 aka ba shi lambar Zinariyar Zaki a baje kolin fasaha na Benis, shi ne mai hoto na farko da ya samu.

Wata magana game da liƙi. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ya haramta watsa naira da tattaka ta a wajen biki, da hukuncin ɗaurin da bai gaza wata shida ba ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba ko duka biyun. An daɗe ba a kula ba, amma daga 2024 mun ga hukumar EFCC ta kai mutane kotu, kuma hujjar da ake kafawa da ita bidiyo ce da hoto. Abin da ka ɗora a shafinka don talla yana iya zama shaida a kan wanda ya ba ka aiki.

An watse, kowa ya tafi barci, mai hoto kuma yanzu ya fara. Zaɓe da gyara sun fi ɗauka cin lokaci, ga wuta ana kawowa ana ɗaukewa, ga waya tana ƙara tun asuba, "Malam, ko guda biyar ka turo mu sa a sitatus." A wajen gyaran nan nake da ƙorafi. Tun daga shekarun 1950, ɗakunan wankin hoto sun riƙa daidaita launi da wani kati na Kodak mai ɗauke da hoton Baturiya, wanda ake kira katin Shirley. Fim ɗin kansa don farar fata aka auna shi, shi ya sa a tsofaffin hotuna masu launi za ka ga baƙin mutum daga ido sai haƙori. Mai bincike Lorna Roth ta ruwaito cewa har da koken masu cakulan da masu kayan katako, waɗanda hajarsu ba ta fitowa a talla, cikin abin da ya sa aka gyara. Yau kyamara tana iya fito da baƙar fata yadda Allah ya yi ta, sai ga shi mu da hannunmu muke goge ta. An yi dilka, an yi kwalliya, sannan a zo Photoshop a ƙara fari, a murje fuska har ƙofofin gashi su ɓace. Fuska launi daban, wuya daban, hannu daban. Gwaggon ango ta karɓi albam ta juya ta ce, "Wannan kuma wace ce?"

Na san amsarku, ita amaryar ce ke cewa a ƙara mata haske, kuma mai kuɗi shi ke da magana. Gaskiya ne. Amma sau da yawa abin da take nufi kada ta fito a dushe, kuma wannan da haske mai kyau ake magance shi tun wajen ɗauka. Ƙa'idar da masu gyara suka daɗe suna bi tana da kyau: abin da zai tafi da kansa cikin mako biyu, ƙurji ko gumi ko jan ido, a cire, abin da ke nata na dindindin, wushirya ko tsagar gado ko tawadar Allah, a bar mata. Ka gyara iri biyu ka nuna mata, za ka yi mamakin yawan masu zaɓar kamanninsu. Haka nan manhajojin da ke cire bangon gidan uban amarya su dasa benayen Dubai. Wasa ne mai daɗi, a yi guda ɗaya a yi dariya, amma kada ya cinye albam.

In ana neman bango, muna da shi. Seydou Keïta ya buɗe situdiyonsa a Bamako a 1948, da hasken rana yake aiki a tsakar gida, kuma abin da ya fara ratayawa a bayan mutane shimfiɗar gadonsa ce. Zane a kan zane, atamfa a gaban atamfa, yau hotunansa suna manyan gidajen tarihi na duniya. Wa ya hana mu gwada luru, ko saƙi, ko tabarmar kaba, ko jar katangar ƙasa? Masu hotunan kafin aure sun gano tsohuwar Kwalejin Katsina da ragowar ganuwa da ƙofofin gari, kuma na yaba. Sai dai a tuna Gobarau hasumiyar masallaci ce, ba wurin jingina da riƙe hannu ba. Su kansu hotunan kafin auren, malamai da iyaye da yawa ba su yarda da su ba, kuma ko a ido na sana'a akwai abin dubawa, domin akan fasa aure bayan an buga kalanda. Wanda ya shawo kan masu biki aka ɗaga zaman hoton zuwa bayan fatiha, ya huta da surutu, kuma su kansu sun fi sakewa.

Jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi yana fito da jerin gwanon motoci da taron ƙofar gida gwanin sha'awa. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ce sai da izininta da na ofishin mai ba da shawara kan tsaro, kuma a halin da jiharmu ke ciki ba abin wasa ba ne. Ko babu doka ma, gidan Bahaushe tsakar gida gare shi, wani wurin har makewayi a buɗe yake. In ka tashi jirgi a cikin gari, iyalan maƙwabta goma kake leƙawa.

Gwajin da nake ganin ya fi kowane riba ba ya buƙatar sabon kaya. J. D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar kitson matan Nijeriya a 1968, ya yi ta yi shekara da shekaru har ya tara wajen 1,000, yawanci daga ƙeya, babu ado babu ƙari. Yau duk mai son sanin kitson wancan zamani wajensa yake zuwa. To mai hoton biki yana shiga inda wani farfesa ba zai taɓa shiga ba, kuma kowane mako. Ka zaɓi abu guda ka bi shi. Ɗaurin ɗankwali yana sauyawa kusan kowace salla. Zanen lalle na bana ba shi ne na shekara biyar da suka wuce ba. Hulunan abokan ango, ankon ƙawaye, akwatunan lefe. Ina jeren kwalla da tasoshi da iyayenmu mata suka yi alfahari da shi a bangon ɗaki? Ya wuce, kuma ƙalilan ne suka ɗauke shi, domin a lokacin kowa gani yake ba abin ɗauka ba ne. Kicin ɗin amaryar yau ma haka zai wuce. Minti biyar a kowane biki, da izinin masu gida, ya isa.

Izinin nan kuwa a ɗauke shi da gaske. Hoton amarya ba allon tallanka ba ne sai ta yarda, mijinta ya yarda, kuma ya fi kyau a rubuce. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafi hoton mutum, amma tun kafin doka akwai amana. Aure yakan mutu, mace ta sake wani, hotonta da tsohon miji yana nan a shafinka yana yawo. In ta kira ta ce a sauke, a sauke ba tare da gardama ba.

Ajiya ita ce inda muka fi rauni. Ana gama biki a tura hotuna ta WhatsApp, wanda ke matse su ya rage musu inganci in ba a tura su a matsayin fayil ba, sannan a goge memori don bikin gobe. Wayar amarya ta faɗa ruwa ko a sace ta a kasuwa, shi ke nan, bikin ya tafi. Kwafi uku ake yi, a wuri biyu daban, ɗaya a wajen shago, domin gobara da ɓarawo ba sa zaɓe. A riƙa wanke ko guda ashirin a takarda, a rubuta kwanan wata da unguwa da sunaye a baya. Abin da ya sa duniya ta san Keïta a shekarun 1990, bayan ya daɗe da rufe situdiyo, shi ne ya adana dubban negetif ɗinsa. Namu tsofaffin masu hoton fa? Wasu sun rasu, magada sun share shago, buhunan negetif sun tafi bola. Waɗanda suka rage, ina roƙon gidan tarihin da ke tsohuwar Kwaleji da sashen tarihi na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa su neme su tun suna da ƙarfin faɗin wane ne wane a cikin hotunan, a kwafe su a kwamfuta, a kuma nemi yardar iyalan da ke ciki kafin a nuna wa kowa. Ɗalibi ɗaya da na'urar kwafe hoto ɗaya sun isa a fara, kuma a cikin zauren nan na hangi dattawa biyu ko uku da ya kamata a fara da su tun kafin su kai ga takalmansu.